Bayahude ya gayyace ni majami'arsu a Kasabalanka ranar azuminsu: in je ko kada in je?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina Maroko yanzu haka. Na gama ziyara a zawiyar Shehu Tijjani a Fas, na gangaro Kasabalanka kan harkar fata. Akwai wani dattijo da muke ciniki da shi, Bayahude ne, ɗan ƙasar, nan aka haifi kakanninsa. Na ce masa zan zo jibi mu rufe lissafi, sai ya ce jibi ko waya ba zai taɓa ba, babbar ranarsu ce ta azumi, Yom Kippur. Cikin raha na ce ina son in ga yadda suke yi. Mutumin nan bai ɗauke ta wasa ba. Ya karɓi hoton fasfo ɗina ya kai wa shugabannin majami'arsu, yanzu ya kira ni ya ce sun amince in zo in zauna a baya. Ni kuma gabana sai faɗuwa yake. Ban san kowa a wurin ba sai shi, ban san me ake yi a ciki ba, ban kuma san hukuncin ba. Masana a taimaka min kafin jibi.

Ɗan Damagaram: Haba Alhaji. Daga zawiyar Shehu sai ɗakin Yahudawa? Ka ce masa zazzaɓi ya rufe ka, a wuce wurin.

Maman Sadiq: Ɗan Damagaram, ƙarya kake koya wa babban mutum? In ba zai je ba ya fito ya ce ba zai je ba, dattijon ai ba yaro ba ne, zai gane. Amma Alhaji kai ma ka cika tsokana, kai ka tono maganar.

Malam Na Tudu: Wa alaikumus salam. Alhaji, ciniki da Bayahude babu laifi. Manzon Allah (SAW) ya yi wafati sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude kan sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Abincinsu ma Alƙur'ani ya halatta mana a Suratul Ma'ida. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar idi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana a shiga wa waɗanda ba Musulmi ba a ɗakunan ibadarsu ranar idinsu, Baihaƙi ya kawo shi, Ibn Taimiyya kuma ya yi dogon bayani a kai. Wasu magabata sun ce ayar Suratul Furƙan da ta yabi waɗanda ba sa halartar zur ta haɗa har da bukukuwan addinin wasu. Da a ce wata rana ce kawai za ka shiga ka ga gini ka fito, da abin ya zo da sauƙi. Amma ranar da suka fi girmamawa duk shekara, ka zauna ana ibada kana ciki? Ni dai ban ba ka shawara ba.

Almajirin Zariya: Allah ya gafarta Malam, a yi min izini in ƙara. A Musnadin Imam Ahmad akwai hadisin Auf bin Malik, cewa shi da Annabi (SAW) sun shiga majami'ar Yahudawan Madina, kuma ranar idinsu ce. A Bukhari ma an kawo cewa ya je Baitul Midras, inda suke karatun Attaura. Sannan dalilin da Sayyidina Umar ya bayar na ƙin shiga coci-coci, a ruwayar Bukhari, gumaka ne da hotunan da ke ciki. Majami'ar Yahudawa irin ta gargajiya babu gunki, babu hoton mutum. Da yawa daga Hanbalawa sun halatta shiga. Mas'ala ce ta saɓani, ba ijma'i ba.

Malam Na Tudu: Ka karanta hadisin har ƙarshe, ɗana. Annabi ya shiga ne don ya kira su zuwa Musulunci. Alhaji wa'azi zai je yi?

Almajirin Zariya: A'a Malam. Amma hakan ya nuna ba shigar ce ita kanta aka hana ba, abin da ya kai mutum ake dubawa. Wanda ya je don ya girmama idin daban, wanda ya je a matsayin baƙo ya ga ido daban.

Abu Ammar: Ni duk ba fiƙihun ne ya dame ni ba. Da abin da ake yi wa 'yan'uwanmu a Gaza, har Musulmi ya iya zama cikin Yahudawa yana kallonsu suna addu'a? Ina kishin yake? Wallahi ko gaisuwa ba zan iya ba.

'Yar Maraɗi a Liyon: Yaya Abu Ammar, zafin Gaza kowa yana jin sa, ni nan har zanga-zanga na fita cikin sanyi. Amma dattijon da Alhaji ke magana ba ya cikin gwamnatin Isra'ila, ba shi da soja, ɗan Maroko ne da ya zauna lokacin da kusan kowa ya tafi. Mu da muke zaune a Turai mun san ciwon a ɗora maka laifin wani saboda addininku ɗaya. Duk ranar da wani ya tayar da bam, ni da hijabina ake yi wa kallon banza a cikin bas.

Abu Ammar: To ki tambaye shi mana ina 'ya'yansa suke, ina yake aika kuɗinsa.

Mai Tarihi: Abu Ammar, tambayarka ba banza ba ce, don kuwa mafi yawan Yahudawan Maroko Isra'ila suka koma, wasu Faransa da Kanada. Kafin 1948 sun kai wajen 250,000, babu ƙasar Larabawa da ta kai Maroko yawansu. Yau 'yan dubbai ƙalilan suka rage, akasarinsu a Kasabalanka. Kusan kowane gida yana da dangi a can, wannan gaskiya ne. Amma ba bakinsu ɗaya ba. Abraham Serfaty Bayahude ne ɗan Maroko, ya yi shekara 17 a kurkuku zamanin Sarki Hassan na Biyu, kuma har ya rasu a 2010 yana adawa da Sahayoniyanci yana goyon bayan Falasɗinawa. Kuma mutanen nan sun daɗe a ƙasar tun kafin Musulunci ya iso Magrib. Wasu suka ƙaru a 1492 da aka kore su daga Andalus, shekarar da Garnaɗa ta faɗi daga hannun Musulmi. Alhaji da ka je Fas, unguwarsu da ake kira Mellah tana jikin fadar sarki, ita ce irinta ta farko a ƙasar, tun 1438. Tsarin mulkin Maroko na 2011 ma ya lissafa gadon Ibraniyawa cikin tushen ƙasar, kuma a Kasabalanka akwai gidan tarihin Yahudawan Maroko da aka kafa a 1997.

Ɗan Damagaram: Mai Tarihi, ka tsallake Shehu Maghili. Shi da ya zo Kano ai mun san abin da ya yi musu.

Mai Tarihi: Ban tsallake ba, ina zuwa. Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, shi ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tamantit a yankin Tuwat, cikin saharar Aljeriya ta yau, wajen 1492, aka kashe da yawa, sauran suka watse. Ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafin yadda ake mulki, ya je Katsina, ya je Gao wurin Askiya Muhammad. Malami ne babba, ba mai ja. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, alƙalin Tuwat na lokacin, al-Asnuni, bai yarda da shi ba, sai da aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, su ma suka rabu biyu. Duk Malikawa ne. Wato gardamar nan da muke yi ta girme mu da shekara ɗari biyar.

Uban Zaure: Jama'a a kiyaye harshe. Alhaji shawara ya nema, ba yaƙi ba. Duk wanda ya zagi wata al'umma ko wani malami zan goge.

Likita a Jamus: Alhaji, ni hukunci ba fannina ba ne, na bar wa Malam. Amma in ka yanke za ka je, ga abin da na gani lokacin da wani abokin aikina ya kai ni tasu a nan. Kada ka ji haushin maganar fasfo. A 2019 a garin Halle, nan Jamus, wani ɗan bindiga ya yi ƙoƙarin kutsawa majami'a daidai ranar Yom Kippur, ƙofa ce ta hana shi. A Kasabalanka kuma hare-haren 16 ga Mayu 2003 sun haɗa da wuraren Yahudawa. Don haka baƙon fuska ba ya shiga kai tsaye, sai an san da zuwansa, kuma za ka tarar da 'yan sanda a bakin titi. Ka tafi da fasfon a aljihu. Waya kuwa ka kashe ta gaba ɗaya, ba a ɗaukar hoto, ba a rubutu, ba a taɓa kuɗi, ba sa ko kunna wuta a ranar. In da tasi za ka, sauka nesa kaɗan ka ƙarasa da ƙafa, su ba sa hawa mota. Maza suna rufe kai, hularka ta gida ta wadatar, ba sai ka sa tasu ba. Kada ka shiga da goro ko ruwan gora. Azuminsu wajen awa 25 ne, daga kafin faɗuwar rana zuwa fitowar taurari washegari, ba ci ba sha, ba sahur a tsakani. In an buɗe ma'ajiyar Attaura kowa zai miƙe. In ka ga ba za ka iya miƙewa ba, gara ka zauna kusa da ƙofa ka fita a hankali, da ka zauna daram kowa na tsaye.

Malam Na Tudu: Kun ji ko? Ga miƙewar ta fara shigowa.

Almajirin Zariya: Malam, Annabi (SAW) ya miƙe da aka wuce da gawar Bayahude, da aka gaya masa ya ce ita ma ai rai ce. Bukhari da Muslim.

Malam Na Tudu: Gawa daban, littafin da muka yi imani an taɓa shi daban. Kada mu cakuɗa.

Maman Sadiq: Ni wata tambaya ce da ni. Wannan azumin shi ne na Ashura da Annabi ya tarar Yahudawan Madina suna yi?

Almajirin Zariya: Hajiya, wasu masu bincike haka suka ce, saboda Yom Kippur ranar goma ce ga watan Tishri, watan da shekararsu ke farawa da shi, Ashura kuma goma ga Muharram. Sai dai hadisin Ibn Abbas ya ce suna azumin ne don ranar ce Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, alhali su Yahudawan yanzu tsira daga Fir'auna wani bikin suke yi mata, Fesah, wajen Maris ko Afrilu. Ita Yom Kippur ranar tuba ce da neman gafara. A wurinsu ita ce ranar da Annabi Musa ya sauko da alluna karo na biyu bayan mutanensa sun bauta wa maraƙi. Don haka kada a yanke cewa abu ɗaya ne.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, na karanta duka. Malam, na ji maganarka kuma ta yi min nauyi. Ga abin da na yanke: ba zan je addu'ar daren da suke buɗe azumin da ita ba, zan je da yamma bayan na yi La'asar, in zauna a baya. Ba zan ce amin a kan abin da ban sani ba, ba zan riƙe littafinsu ba. Na gaya wa dattijon haka ƙarara, ya ce dama ba wanda ya nemi in yi.

Ɗan Damagaram: To Allah ya dawo mana da kai da hularka.

Baban Ummi: Salam jama'a, na je na dawo, ga labari. Wurin yana cikin wani lungu, daga waje ba za ka ce ɗakin ibada ba ne. 'Yan sanda biyu a bakin lungun, ɗaya ya duba fasfo, wani saurayi ya shiga ya kira mai gayyata. Da ya fito sai da na kusa dariya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin fata, wanda ke sansanar ƙirgi ya gaya maka inda aka jeme shi, ga shi da farin takalmin roba irin na 'yan makaranta. Ashe ba sa sa takalmin fata a ranar. Ya dubi nawa ya ce ni baƙo ne, ba komai.

Ciki ba shi da girma. Kujeru suna kewaye da wani dandamali a tsakiya inda mai ja musu addu'a ke tsayawa, ma'ajiyar Attaura tana jikin bangon da ke fuskantar Ƙudus, an rufe ta da labule. Fitilu na gilashi sun rataya da yawa, kowace da sunan wani mamaci. Mata suna sama a nasu wurin, ban gan su ba sai dai motsi. Yawancin mazan tsofaffi ne, sanye da farare, kowa ya yafa farin mayafi mai geza. Leɓunansu duk sun bushe. Wani tsoho kusa da ni yana riƙe da wani ɗan itace da aka soke da kanumfari ko'ina, yana sansanawa yana miƙa wa na kusa. Ya miƙo min, na karɓa na sansana na mayar.

Abin da ya ba ni mamaki na farko: gwanjo. Wallahi gwanjo. Wani ya tsaya yana kiran farashi da Faransanci yana haɗawa da Larabcin Maroko, mutane suna ɗaga hannu. Na tambayi mai gayyata da raɗa me ake sayarwa, ya ce darajar wanda zai hau ya yi karatu ko ya buɗe ma'ajiyar, kuɗin na kula da majami'a ne da talakawa, kuma sai bayan idi ake biya. Karatun da aka fi yi wa rububi kuwa ƙissar Annabi Yunusa ce, suna karanta ta daga farko har ƙarshe da yammacin ranar. Ban ji Ibrananci ba, amma karin muryar ba baƙo ba ne a kunnena, ya yi kama da na masu ƙasida da na ji a Fas. Akwai inda duk suke sunkuyar da kai suna bugun ƙirji a hankali. Ya ce laifuka suke lissafawa, kuma ba wanda ke cewa na yi, sai dai mun yi.

Da rana ta yi ƙasa sai wurin ya cika maƙil, samari da yara da ban san daga ina suka fito ba. Tsofaffin da ke layi ɗazu suka miƙe, murya ta ɗaga. Can sai kowane uba ya buɗe mayafinsa ya lulluɓe 'ya'yansa da jikokinsa a ƙarƙashi, aka yi musu addu'a. Mai gayyata shi kaɗai ya tsaya cikin nasa, 'ya'yansa duk suna ƙasashen waje. Daga ƙarshe aka busa ƙahon rago, dogon busa guda, aka tashi.

Malam Na Tudu: Magariba fa, Alhaji?

Baban Ummi: Na san za ka tambaya, Malam. Ana busa ƙahon na fice, ban tsaya buɗe-baki ba duk da sun ja ni. Ɗan sandan ƙofa ya nuna min masallaci a bayan layin, na samu an idar, na yi tawa ni kaɗai, da sauran lokaci kafin Isha.

Malam Na Tudu: Ka ga abin da nake gudu. A mashhurin mazhabarmu lokacin Magariba ƙanƙani ne, gwargwadon ka yi alwala ka yi salla. Ka rasa jam'i, ka jinkirta, saboda kallon ibadar wasu. Sallarka ta yi in sha Allah, akwai ƙaulin da ya kai lokacin har ɓacewar shafaƙi. Amma ribar me aka ci?

Maman Sadiq: Malam, mutane nawa ne a zauren nan ke rasa jam'in Magariba saboda ƙwallo? Ban ce daidai ba ne, amma a yi adalci.

Malam Na Tudu: Su ma ina yi musu faɗa, Hajiya, tambayi Ɗan Damagaram.

Ɗan Damagaram: Ni kuma me ya kawo sunana?

Abu Ammar: Alhaji, gaskiya tsakani da Allah, ba su yi wa sojojin Isra'ila addu'a kana zaune ba?

Baban Ummi: Abu Ammar, ban ji yarensu ba, don haka ba zan rantse maka ba. Tuta dai ban gani ba. Washegari da na je rufe lissafi na tambaye shi kai tsaye. Ya ce a majami'unsu na Maroko sarkin ƙasar suke yi wa addu'a, kuma shi ba ya maganar siyasa a shago. Na gaya masa abin da ke raina game da Gaza, bai katse ni ba, bai kuma ce na yi daidai ba. Muka sha shayi muka yi lissafi. Ko sisin dirhami bai rage min ba, kada wani ya ce saye ni aka yi.

Abu Ammar: Ni dai ban gamsu ba. Amma tunda ka faɗa masa a fuska, na girmama wannan.

'Yar Maraɗi a Liyon: Maganar dattijon shi kaɗai cikin mayafi ta taɓa ni. Irin tsofaffin nan ina ganin 'ya'yansu a nan, wasu har yanzu Larabcin Maroko suke yi da mahautan unguwa.

Mai Tarihi: Ƙarin bayani ga masu sha'awa: su ma suna da irin wannan gardamar a kanmu. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya zauna a Fas kafin ya koma Masar ya zama likita a fadar Salahuddin, ya yanke cewa Musulmi masu tauhidi ne, ba masu bautar gumaka ba. Kan wannan ne malamansu da yawa ke halatta wa Bayahude shiga masallaci, alhali suna hana shi shiga coci. Sai dai a Maroko wanda ba Musulmi ba ba ya shiga masallatai, in ban da ƙalilan kamar Masallacin Hassan na Biyu da ke Kasabalanka, wanda aka buɗe a 1993, shi ma a lokutan zagaya da baƙi.

Likita a Jamus: To ga tambaya, Alhaji. In dattijon nan ya zo Kano sayen fata, ya ce yana son ganin yadda ake sallar Idi, za ka kai shi?

Baban Ummi: Filin Idi a buɗe yake, Turawa ma suna tsayawa gefe suna kallo kafin hawan Sarki. Nan kam zan kai shi, in samo masa inuwa. Cikin masallaci ne ban sani ba.

Almajirin Zariya: Kiristocin Najran a masallaci Annabi (SAW) ya karɓe su.

Malam Na Tudu: Imam Malik bai tafi a kan haka ba, kuma kai ka sani.

Uban Zaure: Wannan wata mas'alar ce. Almajiri, buɗe mata nata zaren gobe, ka zo da littafi da shafi. Malam ya ce bayan Asuba yana nan.